Tankar Yaƙi Marar Kai

Yayana shi ne mai ganin wata a Kalgo tun kafin a ɗauke shi soja. Ba sarauta ba ce, ba wanda ya naɗa masa rawani a kanta, ido ne kawai Allah ya ba shi. Ran ashirin da tara ga Sha'aban, da an sallame magariba, maza su fita tudun da ke yamma da gari, kowa ya ɗaga kai yana ƙifce-ƙifce. Shi kuwa ya tsaya can gefe, hannu a baya. Can sai ka ji ya ce, "Ga shi." Ba ya ɗaga murya. Da yake shaidar mutum ɗaya ba ta isa, sai ya zaɓi wani dattijo, ya tsaya a bayansa, ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya miƙe yatsa, ya ce, "Bi yatsana, Baba. Bisa kaɗan da kan giginyar can." Dattijo ya bi yatsa, sai ka ji ya yi kabbara. Daga nan liman ya karɓi shaida, a tashi ɗan aike, gari ya kwana da niyyar azumi. Manyan mutane har rige-rige suke yi wajen ba shi kafaɗa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, farke ne ni na busasshen kifi tsakanin Kalgo da kasuwar Gwandu, kuma duk taƙamar da nake yi a duniya a lokacin, da idon Yaya nake yin ta.

Ya dawo daga yaƙin Turawa a rame, da takalman soja da ba ya sawa, da shirun da ba mu san shi da shi ba. Ya koma gonarsa ta shinkafa a fadama, ya koma tudun yamma duk ƙarshen Sha'aban, idonsa na nan yadda yake. Shekara da shekaru bai ba kowa labarin yaƙi ba. Da ma ya ci gaba da yin shirunsa!

A farkon shekarun hamsin ne, da damina, wata motar ɗaukar kaya ta kafe a taɓo a bakin gari. Aka yi gayyar maza, aka yi ta turawa har kowa ya yi dumu-dumu da laka, mota ta ƙi. Muka zauna a inuwa muna maida numfashi, sai Yaya ya dubi tayoyin da suka nutse, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da tankar yaƙi ce, da ko sanin taɓon nan ba ta yi ba."

Aka tambaye shi mece ce ita. Ya faɗa. Ina iya maimaita maganarsa har gobe, don na ji ta a bakin 'yan ba'a fiye da yadda na ji ta a bakinsa. Ya ce mota ce ta ƙarfe zalla, ba ta da taya, sarƙa gare ta mai faɗi dama da hagu, tana shimfiɗa wa kanta hanya a gaba tana naɗe ta a baya. Ya ce a samanta akwai kai, kai mai juyawa, yana iya waiwayawa baya alhali gangar jiki tana duban gaba, kuma a kan nan akwai dogon hanci da ke aman wuta. Ya ce mutane na zaune a cikinta, kuma da idonsa ya ga ta ture itace mai kaurin wanda muke zaune a ƙarƙashinsa.

Akwai wani mahauci a garinmu mai bakin tsiya, Allah ya ji ƙansa, ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba. Shi ya fara. Ya ce, "Mota da kai? To hula take sawa ko kallabi?" Wuri ya kece da dariya. Yaya bai yi fushi ba, ya ce, "Abin da na gani na faɗi." Ni ne na yi fushi. Na tashi zan cakumi mahaucin, aka rirriƙe ni, wannan kuma ya ƙara wa labarin gishiri. Kafin sati ya zagayo yara sun mai da shi waƙa, sun kuma laƙaba wa Yaya suna wanda ba zan rubuta a nan ba.

Na ce ai abin mai sauƙi ne, ba shi kaɗai ya je yaƙin ba. Akwai wani tsohon soja mutumin Masama da ke zuwa cin kasuwar Gwandu. Na tare shi a gaban fataken Kalgo, da gangan, don su ji da kunnensu. Na kwashe bayanin Yaya na faɗa masa, na ce ya gaya musu. Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce, "Ni dai kaya na yi ta ɗauka a ka cikin kurmi har anka gama. Jirgin sama na gani, igwa na gani. Wagga da kake faɗi, ban gan ta ba, ba ni cewa na gani." Gaskiyarsa ya faɗa, bawan Allah, ba wuri ɗaya aka kai su ba. Amma maganarsa ta riga ni isa gida, kuma kafin ta isa ta zama wai ya ce babu irin wannan abu a duniya.

Ƙarshen Sha'aban na wannan shekarar muka fita tudu. Yaya ya tsaya gefe kamar kullum. Can ya ce, "Ga shi." Ya matsa bayan dattijon da ya saba ba shi kafaɗa, ya ɗaga hannu. Dattijon ya zame. Bai waiwayo ba, ya dai rage tsawo kaɗan ya matsa gaba, hannun Yaya ya tsaya a iska. Ya gwada na biyu, shi ma ya matsa. Wani daga baya ya ce, "Watan ma da kai gare shi?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni na ba shi tawa kafaɗar, na bi yatsansa har hawaye suka zubo mini, ban ga komai ba, idona bai taɓa zama na kirki ba. Kafin wani ya yi ta maza, watan ya faɗi.

Limaminmu ba mugun mutum ba ne, ba zan ɗora masa abin da ba shi da shi ba. Ya ja Yaya gefe ya ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Amma azumin gari ba ya ratayuwa ga maganar mutumin da gari ke tababa a kansa. Kai da ka gani, azumi ya kama ka. Mu sai mun cika talatin." Washegari Yaya ya tashi da azumi shi kaɗai. Ana shan fura a ƙofar gida, ana gasa masara, shi yana fadama yana nome shinkafa da busasshen baki. Da rana ta take labari ya zo daga Gwandu cewa an ga wata jiya, kowa ya kame bakinsa. Na ce to, alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ina! Cewa suka yi dace ya yi, ai duk wanda ke faɗin an gani kowace shekara, wata shekarar sai ya dace.

Tun daga nan ba ni da wani abu a rai sai yadda za a sake karɓar shaidar Yaya. Na sa shi ya gina tankar da yumɓu, ya gina ta tsaf, har da kan da hancin. Suka ce ai shi ya gina, da ya ga dama sai ya yi mata ƙaho. Na samo hoto a wata tsohuwar jarida da aka ƙunso mini gishiri a ciki, ya yi duhu, amma ana ganin sarƙa da kai. Suka ce takarda ba ta ƙin abin da aka zana mata. Na koma wurin liman na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, mi za a kawo mutanen ga su yarda?" Ya yi murmushi don ya sallame ni, ya ce, "In masu abin sun ƙera shi da hannunsu, anka kawo shi nan munka taɓa, ai babu sauran magana." Yana ganin ya faɗi abin da ba zai yiwu ba.

Da na gaya wa Yaya, sai ya ce akwai wani hafsan Bature da ya yi wa hidima a barikin can, yana da 'yar ƙaramar tankar yaƙi a kan teburinsa, ba ta fi tafin hannu biyu ba. A kwali take zuwa, gutsi-gutsi, mutum ya zauna ya harhaɗa ta da gam, ta fito sak babbar, babu abin da aka rage. Ya ce manyansu ma suna yin wannan, ba yara kaɗai ba. Ya faɗa ne kawai, bai ce in nemo ba. Ni kuwa ban ƙara yin barci mai daɗi ba.

Wanda bai taɓa neman abin da bai san kamanninsa ba, a wurin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, bai san wulaƙanci ba. Na shiga kantuna a Birnin Kebbi da Jega, ina warin kifi, ina kwatance da hannu. Akawun kanti ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na gama wasan in ba masu saye wuri. Wani kwara, Balarabe mai kanti, ya saurare ni da kyau, ya ce ya gane, in dawo bayan wata. Na dawo, ya miƙo mini 'yar motar gwangwani ja mai tayoyi huɗu, wadda ake murɗa wa makulli ta ruga. Na ce ba ita ba ce, ya ce duk mota mota ce. Direbobin da ke zuwa Sakkwato da Gusau kuwa, babu wanda ban ba kifi ba. Kowa ya ce, "An gama, tafiya mai zuwa." Ɗaya ya kawo mini jirgin ƙasa na roba ba taragu. Ɗaya ya kawo bindigar yara mai ƙara. Ɗaya ya ci kifina damina biyu, ran da na matsa masa ya ce shi fa tun farko ya ɗauka taɓin hankali gare ni, yana lallaɓa ni ne.

Ana haka shekaru suna wucewa. Duk ƙarshen Sha'aban Yaya ya hau tudu, ya ce, "Ga shi," ba mai matsowa. In wasu sun gani da kansu, to, a yi azumi tare. In ba su gani ba, ya yi nasa shi kaɗai. Abin bai tsaya ga wata ba. Aka daina kiransa shaidar ɗaurin aure. Aka yi rikicin iyakar gona a fadama, gonar da yake maƙwabtaka da ita tun yana yaro, aka tsallake shi aka kira wanda bai kai shi sani ba. Matarsa ta daina zuwa rijiya da safe don kada ta haɗu da mata. Innarmu tana raye a lokacin, takan ce masa, "Ɗan nan, ka ce musu wasa kake yi mana, kowa ya huta." Ya ce, "Inna, ba wasa nake ba." Iyakar amsarsa ke nan. Wallahi akwai ranakun da ni kaina nake jin kamar in shaƙe shi don taurin kai.

Can wajen ƙarshen shekarun hamsin, lokacin da Turawa suka fara naɗe kayansu, ina zaune a rumfata a kasuwar Gwandu sai wani mai albasa mutumin Ceberu ya ce mini, "Kai ne mai neman motar nan ta kwali? Surukina kuku ne a gidan wani Bature a Birnin Kebbi. Baturen zai koma gida, an bar wa kuku tarkace ya yi gwanjo. Ya ce akwai wasu kwalaye na motocin yaƙi." Ban ko ƙarasa cinikin da nake yi ba. Na bar kifin a hannun maƙwabci, na kama hanya.

Kukun ya kai ni bayan kicin. Ga su nan a kan benci, kwalaye 'yan kaɗan, kowanne a naɗe da takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da igiya yadda suka zo daga ƙasarsu, Baturen bai sami sukunin buɗe su ba. Na shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya kawai ƙarfina zai iya, ita ma sai da jakina ɗaya ya tafi. Na ce wa kukun, "Duk tankar yaƙi ce?" Ya ce duk ita ce, iri-iri. Na ce, "Wacce ce ta gaskiyar?" Ya ɗauko ɗaya ya ce, "Wannan maigida ya fi ji da ita. Ya ce ita ce ta farko, kakarsu duka, daga gare ta sauran suka fito. Ya ce ko a ƙasarsu sai an sha wuya ake samunta."

To, don Allah wa zai zaɓi wata? A wurinmu in ana gardamar gona, kaka ake nema, ba jika ba. In ana maganar irin shinkafa, na asali ake tambaya. Takobi, na kakanni ya fi daraja. An ce mini ga ta asali, ga 'ya'yanta, in bar uwa in ɗauki 'ya? Har yau da nake rubuta wannan ban ga inda hankalina ya gaza ba. Na ɗauki kakar, na sa ta cikin riga a ƙirjina, na nufi Kalgo.

Ban kwance igiyar ba. Na tuna abin da suka ce game da ta yumɓu, na rantse ba ni ba Yaya ba, ba mai taɓa abin da ke ciki. Kai tsaye gidan liman na kai ta, ya duba ƙullin, ya ajiye a ɗakin littattafansa. Aka sa ranar Juma'a. Aka zaɓi wani baduku mai hannu, wanda ba ya gaba da kowa kuma ba ya shiga sabgar kowa, shi zai harhaɗa a gaban jama'a. Da na gaya wa Yaya, na ga abin da na daɗe ban gani ba a fuskarsa. Ya ce, "Ka samo?" Na ce na samo. Ya kama hannuna ya riƙe. A daren ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Bayan an sauko Juma'a aka shimfiɗa tabarma a gindin durumin ƙofar masallaci. Liman ya sa Yaya ya maimaita bayaninsa a gaban kowa, sarƙa, kai mai juyawa, dogon hanci. Ya maimaita, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan aka ce ya koma gida har a gama, don kada a ce shi ya nuna inda za a liƙa me. Aka yanke igiya. A ciki akwai guntayen katako marar nauyi, da kwali mai tauri, da 'yan ƙarafa ƙanana a ƙunshe, da babbar takarda mai zane-zane. Gam ɗin da ya zo da ita ya bushe ya zama dutse, aka aika gida aka jiƙo ƙaro. Badukun ya baje takardar, ya danne kusurwoyinta da tsakuwa, ya fara. Ba ya karatu, amma yana bin zane, ya ɗauki guntu ya gwada, ya ajiye, ya ɗauki wani. Aka yi la'asar aka dawo, yana nan.

Da ya fara jera 'yan ƙarafan nan suka zama sarƙa, ya zagaya ta a jikin abin, sai mutane suka matso kusa. Wani tsoho ya tsuguna ya tura ta da yatsa, sarƙar ta motsa, ta sauka ta gaba ta hau ta baya. Ya ce, "La ilaha illallahu. Tana shimfiɗa hanya tana naɗewa." Na nemi mahaucin nan da ido, na same shi ya saki baki. Kai, daɗin da na ji a wannan lokacin, ban ƙara jin irinsa ba.

Sai dai guntaye suna ƙarewa a tabarma, ni kuwa ina jiran kai. Badukun ya liƙa wasu 'yan akwatuna biyu a haƙarƙarinta, dama da hagu, kowanne da ɗan gajeren bututu. Ya karkaɗe kwalin, babu saura. Ya duba takardar, ya duba abin, ya ce, "An gama." Wata aba ce doguwa, gabanta a ɗage, sarƙa ta zagaye ta tun daga ƙasa har bisa. Samanta a shafe. Babu kai, babu hanci, babu ma wurin da za a ɗora su.

Na ce ni zan kira shi. Na ruga gida, na same shi zaune a zaure ya sa rigarsa ta Salla. A hanya na riƙe masa hannu na ce, "Yaya, ka saurare ni. Sarƙar ta fito, sun gani, jikinsu ya yi sanyi. Amma akwai ɗan bambanci. Kome ka gani, ka ce ita ce. Kalma ɗaya, Yaya. Ka ce ita ce, sauran ka bar mini." Ya dube ni, ya ci gaba da tafiya.

Aka buɗa masa hanya. Ya tsuguna a gaban tabarma, ya ɗauke ta da hannu biyu, ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa samanta da babban yatsa, a daidai inda kai ya kamata ya zauna. Ya daɗe. Liman ya ce, cikin murya mai taushi, kuma na rantse so yake a ce e, "Ita ce ka gani a wurin yaƙi?" Dattijon nan da ya fara zame masa kafaɗa yana tsaye kusa, har ya fara gyaɗa kai tun ba a amsa ba. Kowa ya gaji da maganar, kowa yana son a rufe ta. Ba wanda zai tsaya tambayar kai.

Yaya ya ajiye ta a hankali. Ya ce, "Sarƙar irin tata ce. Amma wadda na gani tana da kai. Wagga ba ita ba ce."

Mahaucin ya sami bakinsa. Ya ce, "To, jama'a, kun ji. Masu abin da kansu ba su san da kai ba, sai shi." Dariyar ba ta yi ƙarfi kamar ta farko ba, amma ta isa. Liman ya sunkuyar da kai, ya ce a tashi, magariba ta gabato. Ni kuwa a gaban mutane na daka wa yayana tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Haba Yaya! Shekara nawa ina yawo? Kalma ɗaya ta gagare ka?" Ya ce, "Da na faɗe ta, da sun yi gaskiya a kaina." Ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Na koma Birnin Kebbi da sassafe, a ƙasa. Kukun ya ce sauran kwalayen wani ɗan kasuwa daga kudu ya kwashe, Baturen kuma ya tafi. Daga baya wani malamin makaranta ya ga takardar zanen, ya ce mini wannan ta yaƙin da aka yi ne tun kafin a haifi Yaya, irin ta farko-farko, kafin su koyi yi musu kai. Ya ce masu kan daga baya suka zo, kuma su Yaya ya gani. Na roƙe shi ya zo Kalgo ya faɗa da bakinsa. Ya zo, ya faɗa. Aka ba shi ruwa, aka yi masa godiya, da ya tafi aka ce ai ɗan boko ne, abin da ke takarda yake faɗi. Na ci gaba da cigiya wajen direbobi har ƙafata ta gaji, ban sake ko jin labarin wani kwali ba. Liman ma ya ce mini in bar wahalar da kaina, an kawo abu an taɓa, mai maganar ya ce ba shi ba ne, ba a sake zama a kan magana ɗaya.

Ƙarshen Sha'aban ya zo. Aka sallame magariba, maza suka nufi tudu, na duba sahu ban ga Yaya ba. Na koma gida. Matarsa ta nuna mini ɗaki da haɓa. Ya saki asabari, yana zaune a kan buzunsa, ya ba yamma baya. Sama kuwa garau take, ko ɗigon girgije babu, irin yammacin da yake cewa wata ba ya iya ɓuya.

Na tsuguna a bakin ƙofa na ce, "Yaya, ana can ana dubawa."

Ya ce, "Su duba."

Na ce, "Taso mu je. Ko bayan gida ne, mu biyu. Ga kafaɗata, ka nuna mini. Bana zan gani, in sha Allahu."

Ya ce, "In na fita zan gan shi. In na gan shi sai na faɗi. Na gaji, ƙanena." Ya ja carbinsa, ya ce, "Sakar mini asabarin da kyau, haske na shigowa ta gefe."

Na sakar masa. A daren ba wanda ya ga komai a tudu, gari ya cika talatin, Yaya ya cika tare da su. Washegari na gan shi a ƙofar gida da rana tsaka yana shan fura cikin mutane, har mahaucin yana miƙa masa ludayi. Innarmu ta ce alhamdu lillahi, ɗanta ya dawo cikin jama'a. Ni na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Ya rayu shekaru da dama bayan wannan, idonsa garau har ya koma ga Allah, yana iya zura zare a allura yana tsoho. Bai sake hawa tudun yamma ba. Duk ran ashirin da tara, da an kira magariba, ya yi sallarsa a ɗaki, ni kuma in zo in sakar masa asabari.